Daga Bronx zuwa Coney Island a jirgin D

Tun ina Kano na fara ganin Coney Island, unguwar wasanni ta bakin teku a birnin New York, a kaset ɗin bidiyo, cikin fim ɗin The Warriors na 1979. Wasu samari 'yan daba ne aka yi wa ƙazafin kisan kai a Bronx, suka kwana suna gudu da faɗa a tashoshin jirgin ƙasa don su koma unguwarsu. Da asuba suka iso. Shaguna a garƙame, titi fayau, ga ƙaton lilon nan a tsaye shiru. Jagoransu ya dubi wurin ya tambaya, wai wannan ne abin da suka kwana suna yaƙi a kansa? Hoton da ya zauna mini a rai ke nan shekara da shekaru.

Shi ya sa da yara suka matsa mini mu je can a watan Yulin bara, sai da na yi ta jan ƙafa. Daga baya muka shiga jirgin ƙasa na layin D daga Bronx, ya ratsa Manhattan da Brooklyn da mu har tashar Stillwell Avenue, inda layin dogo ya ƙare. Muna fitowa iskar teku ta buge mu, da ƙamshin soye-soye, da ihun mutanen da ke kan Cyclone, jirgin wasan nan mai hawa da gangarowa a kan gadar katako, wanda yake aiki tun 1927. Autata ta riƙe mini riga ta ce, "Baba, kuka suke yi ko dariya?"

Abin da ya dame ni shi ne yadda masu alƙalami da masu kyamara suka daɗe suna yi wa wurin nan kallon tausayi ko na raini. Marubucin Rasha Maxim Gorky ya zo a 1906, ya yaba hasken fitilun daga nesa, amma da ya shiga ciki sai ya rubuta cewa gundura ce kawai ta tara jama'ar. Na bayansa kuma sun fi son toka da kango. Gaskiya wurin ya ba su abin rubutu, don manyan filayen wasanninsa sun yi ta mutuwa: gobara ta cinye Dreamland a 1911, ta lashe tsohon Luna Park a 1944, aka rufe Steeplechase a 1964. To amma wa ya tambayi talakan da ya zo shan iska? Tun da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso nan wajen 1920, da senti biyar ɗan ƙwadago zai kwaso iyalinsa daga ɗakin haya mai zafi kamar tanda ya kawo su bakin Atilantika. Cikin duk abin da na gani, hoton da mai ɗaukar hoto Weegee ya ɗauka a bakin tekun a 1940 ne ya yi musu adalci: mutane maƙil har ba a ganin yashi, suna ɗaga wa kyamara hannu, fuskoki a sake.

Jikokin irin waɗancan mutanen na tarar. Tsofaffi masu jin Rashanci daga Brighton Beach, unguwar da ke maƙwabtaka, suna zaune kan benci, wasu suna rawar salsa a kan dakalin katako, wata mata da hijabinta ta shiga ruwa har gwiwa tana riƙe da jaririnta. Mu ma muka shimfiɗa zane, uwargida ta buɗe kular shinkafa da wake, na yi la'asar a gefe, babu wanda ya ko waiwayo.

Da yamma muka hau Wonder Wheel, lilon da na gani a fim, wanda aka gina a 1920, tsayinsa ƙafa 150. Ɗakunansa iri biyu ne, masu tsayawa cak da masu zamewa a kan ƙarfe. Yara suka zaɓi mai zamewa. Da muka kai ƙololuwa, teku ta hannun dama, dogayen gidajen haya ta hagu, autar ta saki rigata ta leƙa ƙasa tana neman inda muka bar mahaifiyarta.