Ranar awon Abba

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau Abba ya cika mako 14 da haihuwa, kuma yau ce ranar da aka rubuta mana a katinsa mu koma rigakafi da awo. Tun asuba na tashi da fargaba, ba ta allura ba, domin na saba da ita tun goyon Hafsa, sai dai ta abin da sikeli zai nuna. An haife shi da nauyin kilo 3.4, a mako na 6 ya kai 5.3, a mako na 10 kuma ya kai 6.7. Ni da nake koyar da lissafi a firamaren garinmu ba sai an faɗa mini ba cewa yaron ya kusa ninka nauyin haihuwarsa tun bai cika wata 3 ba, alhali abin da na sani shi ne jarirai kan yi hakan ne wajen wata 5.

Da farko abin bai dame ni ba. Damuwar ta fara ne a wurin wani suna da muka je makwanni biyu da suka wuce, inda wata dattijuwa ta karɓe shi, ta jinjina shi, ta kalli guraye ukun da suka fito masa a cinya, sannan ta ce in bincika, domin ba kowace ƙiba ce ta lafiya ba, wata kumburi ce. Kwana biyu bayan haka 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Kano ta ga hotonsa a WhatsApp, ta turo mini murya tana cewa yaran da suka yi ƙiba tun suna jarirai su ne ke gamuwa da ciwon suga idan sun girma. Inna, mahaifiyar maigidana, ita tata damuwar daban ce: ba ta ga laifin ƙibar ba ko kaɗan, bakin mutane take tsoro. Duk wanda ya yaba yaron bai ce tubarkalla ba sai ta tuna masa, kuma ta hana ni fita da shi ba tare da na rufa masa mayafi ba, duk da wannan zafi na bazara da ko babba yake neman inuwa.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kwana huɗu ke nan ina ja masa lokacin shan nono. Na riƙa duba agogon waya, ba na ba shi sai bayan awa huɗu, ko da kuwa yana tsotsar hannu yana juya kai yana nema. Shi ya sha kuka, ni kuma nono ya cika ya yi tauri har ina jin zafinsa a hammata. Daren jiya maigidana Malam ya tambaye ni abin da ke damun yaron, na ce zafi ne, kuma har yanzu ina jin nauyin wannan amsar.

Mun isa ƙaramin asibitin da ke kan hanyar Ringim wajen ƙarfe tara, a kan babur, na iske mata sun cika bencin da ke ƙarƙashin darbejiya. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da ɗanta mai kamar wata 10, wanda da aka naɗa masa tef ɗin awo a damtse sai ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ta dubi Abba ta ce masha Allah, ta yi mini addu'ar Allah ya raya. Kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe masa ƙafafu, domin ban san da wane baki zan ce a gabanta na zo ne da kukan ɗana ya cika ƙiba ba.

Da layi ya zo kaina, malamar asibitin ta sa na tuɓe shi tsirara, ta ɗora shi a sikeli, allurar ta tsaya a kan kilo 7.8. Na ce, “Malama, anya wannan nauyin bai yi yawa ba?” Ba ta amsa nan take ba. Sai da ta kwantar da shi a kan allon awo ta auna tsawonsa, ta zagaya masa tef a kai, sannan ta kama ƙafafunsa biyu ta danna bayan kowacce da babban yatsa tana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da ta ɗaga yatsun, fatar ta dawo daidai nan da nan. Ta ce, “Maman Abba, kin gani? Da kumburi ne, da ramin yatsana yana nan. Wannan tsoka ce da kitse, kuma nononki ne ya yi su.”

Daga nan ta buɗe katin, ta ɗiga alama a wurin yau, ta haɗa ta da ɗigo ukun da suka gabata. Layin Abba yana can sama, dab da layin ƙarshe, amma yana tafiya ne a gefensa ba tare da ya tsallake shi ba, kuma tsawonsa ma yana sama da na yawancin sa'o'insa. Ta bayyana mini cewa irin waɗannan layuka Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da su a shekarar 2006, bayan an bi girman yara masu shan nono a ƙasashe 6, har da Ghana, kuma an lura cewa mai shan nonon uwa yakan yi saurin ƙaruwa a watanni biyu zuwa uku na farko, sannan ya lafa, musamman idan ya fara zama da rarrafe. Ina tsaye a wurin na yi lissafin a zuci: tsakanin mako na 6 da na 10 ya ƙaru da giram 350 a kowane mako, tsakanin na 10 da na 14 kuwa 275. Ashe lafawar ta riga ta fara, ni da lissafina duka ban kula ba, saboda jimlar kawai nake kallo.

Ta yi mini tambayoyin da ban zata ba. Ko ina ba shi madarar gwangwani, ko koko, ko wani jiƙo? Na ce a'a. Ko ina shafa masa man ƙuraje da na saya a kemis ba tare da an rubuta mini ba? Ta ce wasu daga cikin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin da, idan aka daɗe ana shafa wa jariri, yakan ratsa fata ya kumbura masa fuska ya tsayar da tsawonsa. Na ce man kaɗanya kawai yake sani. A nan ne na daure na faɗa mata maganar awa huɗun. Ta ajiye biro ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce jariri mai shan nono shi ke sanin ƙoshinsa, idan ya ƙoshi da kansa zai saki, kuma jan lokacin ba abin da zai jawo sai raguwar ruwan nono da ciwon nono a gare ni. Ta ƙara da cewa kada zafi ya sa in ba shi ruwa kafin wata 6, tun da mafi yawan nono ruwa ne. Abin da ta ce in kula da shi sosai shi ne lungunan wuya da na cinya, in riƙa wankewa ina tsanewa domin kada gumi ya sa su saɓule. Idan kuma na ga kumburi a fuska ko ƙafa, ko numfashi yana yi masa wuya, ko fitsari ya ragu, to kada in jira ranar awo.

Maganar ciwon suga ban ma tayar da ita ba, domin layi yana da tsawo a bayana, kuma na riga na san cewa shayarwa tana daga cikin abubuwan da ke rage haɗarin ƙiba a gaba, ba ƙara shi ba. Aka yi masa allurai a cinya, aka ɗiga masa na baki, ya tsala ihu, na sa masa nono a wurin ba tare da na duba waya ba.

Da muka dawo, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta miƙo hannu ta ce, “Kawo mini maigidan nawa. Nawa suka ce ya kai?” Da na faɗa mata sai ta yi sauri ta ce in rage murya, kada maƙwabta su ji. Na gaya mata malama ta ce a daina dulluɓe shi da mayafi a cikin wannan zafi. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce to a rufa masa mara nauyi, amma fita da shi haka nan ba da yawunta ba. A kan haka muka tsaya.

Yanzu jikinsa ya ɗan yi ɗumi saboda allurar, na ba shi farasitamol gwargwadon yadda aka auna mini. Tun la'asar ya sha nono sau biyar, ya yi tumbuɗi sau ɗaya a kafaɗar Malam, wanda har yanzu ban gaya masa gaskiyar kukan kwana huɗun nan ba. Na bar shi sai da safe idan ya dawo daga masallaci. Majanyin da na goyi Hafsa da shi har ta shekara ya fara yi mini kaɗan, don haka na ce masa ya duba mini wani idan ya shiga kasuwa.