Ƙarshen mako a Aufsess

Ranar Asabar ni da maiɗakina muka bar birnin Nuremberg na ƙasar Jamus da safe zuwa Aufsess, wani ɗan ƙauye a tsaunukan arewacin Bavariya. Mutanensa ba su kai 1,500 ba, amma gidajen dafa giya huɗu ne a yankin, har hakan ya shigar da shi kundin bajintar duniya na Guinness a 2001. Mu ba ma shan giya, iska da abinci suka kai mu.

Gidan da muka shiga na iyali ne. Ana dafa giya a baya, ana cin abinci a gaba, ƙamshin sha'ir ya cika ɗakin. Dattijon da ke kusa da mu ya yi mana bayanin dokar Bavariya ta 1516, wadda ta ce ruwa da sha'ir da furen hops mai ɗaci kaɗai za a sa a giya. Yadda yake maganar sana'ar garinsu da alfahari ya taɓa ni sosai.

Da na ce wa mai kawo abinci ba ma cin naman alade, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce lokacin kifin Karpfen ne, wanda suke ci daga Satumba zuwa Afrilu. Har kicin ta shiga ta tabbatar ba a sa giya a garin da ake shafa masa ba. Aka kawo rabin kifi soyayye ƙarau, da haɗin dankalin turawa, da ruwan tuffa mai sanyi.

Wannan ɗawainiyar da ta yi mana ce ta fi zama a raina. Allah Ya saka mata da alheri.