Tarihin Rayuwar Balaraba Ramat Yakubu, Kashi na 3: Daga Ajin Yaƙi da Jahilci zuwa Maɗaba'a

Makon jiya mun tsaya a inda auren fari ya mutu. Ga wanda kashi na biyu ya wuce shi: an haifi Balaraba a Kano a 1959, aka cire ta daga firamare, aka ɗaura mata aure tana 'yar shekara 13 da mutumin da ya haura arba'in. Shekara ɗaya da wata takwas zaman ya yi, aka maido ta gidan mahaifinta. Tsararrakinta na shirin shiga sakandare, ita kuwa ta zama bazawara.

Ƙaramar bazawara a Kano ta farkon shekarun 1970 hanya ɗaya aka sani gabanta: ta gama idda, ta jira wani manemin. Komawa aji ba ya cikin lissafi, domin a ganin mutane wadda ta taɓa shiga ɗaki ta wuce zama da yara a benci. Abin da iyaye kan lamunta shi ne sana'ar hannu, ɗinki ko saƙa, tunda waɗannan za su amfane ta a gidan miji na gaba. Ta wannan ƙofa Balaraba ta bi. Kamar yadda ta faɗa da bakinta a hira, da sunan koyon ɗinki da saƙa take fita, da sanin mahaifiyarta, alhali ajin yaƙi da jahilci take zuwa. Mai son fahimtar littattafanta ya riƙe wannan, domin sau da yawa a labaranta wata babbar mace ce, uwa ko gwaggo, ke rufa wa yarinya asiri har ta tsaya da ƙafarta.

Ajin manya ba sakandare ba ne. Abin da ake bayarwa kaɗan ne: baƙi da wasali na boko, haɗa gaɓa, karanta gajeren labari, rubuta wasiƙa, sai lissafin tarawa da ɗebewa. Duka da Hausa. Wanda ya fito daga nan zai karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ba tare da an taya shi ba, amma Turanci ba zai kai shi ko'ina ba. Ita kanta ta ce cire ta daga makaranta ne ya sa take rubutu da Hausa. Wasu kan faɗi haka da tausayi, kamar an yi asara. Sai dai a duba su wa za su karanta. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa a unguwanni da ƙauyuka, matan aure da zawarawa suka shiga. Ga kuma yaran shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976, waɗanda suka tasa a tsakiyar shekarun 1980. Jama'a ce mai yawa da ta iya karatun Hausa, ba ta da abin karantawa sai littattafan makaranta da labaran sarakuna da aljanu na zamanin da. Da Balaraba ta yi jami'a ta rubuta da Turanci, da matar da ke cikin kulle a Fagge ko Ƙoƙi ba ta san da ita ba.

Tsakanin wannan aji da littafin farko akwai shekaru fiye da goma, kuma ba masu sauƙi ba. An sake yi mata aure, shi ma bai ɗore ba. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976 aka kashe yayanta, Janar Murtala Ramat Muhammad, a Legas, yana shugaban ƙasa, a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Mutane kan zaci ƙanwar shugaban ƙasa a kan gadon zinare ta tashi. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a kan mulki, kuma kafin ya hau an riga an yanke mata karatu.

Budurwar Zuciya ya fito a 1987. Shekarar na da muhimmanci, domin lokaci ne da buga littafi ya yi wuya ƙwarai. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka saba kai wa rubutun Hausa, hankalinsa na kan littattafan da ke cikin manhajar makaranta, su ne ake da tabbacin za su shige. A 1986 kuma gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, alhali takarda da tawada da kayan injin galibi daga waje ake shigo da su. Sabon marubuci, balle mace wadda ba ta da takardar shaidar komai, babu wanda zai zuba kuɗinsa a kansa. Ko dai ya buga da aljihunsa, ko rubutun ya tsufa a ƙarƙashin katifa.

Ga yadda aikin yake tafiya a wancan zamani, ga duk marubucin Kano. Da biro ake rubuta labarin a littafin 'yan makaranta mai falle 60 ko 80. Sai a kai wa mai tafireta, ana biyansa a kan shafi. A nan ake fara tafka ɓarna. Tafiretar da aka ƙera don Turanci ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai dai a bi da biro a lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya, ko a bar su haka. Idan aka bari, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari, mai karatu ya yi ta lalube. Ƙari a kan haka, mai buga tafireta yakan ga kansa malami: ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ya tsallake layi idan rubutun hannu ya yi masa wuya, wani lokaci ma ya gyara maganar da ba ta yi masa daɗi ba. Namiji zai zauna kusa da shi a shago ya tsare aikinsa. Matar aure kuwa yawanci aike take yi, ƙani ko ɗa ya kai ya karɓo, ba ta ganin kuskuren sai littafi ya riga ya fito dubu. Masu sukar da suka yi ta yi wa littattafan nan dariya saboda karya ƙa'idar rubutu ba safai suke ambaton wannan ba.

Lissafin maɗaba'a kuwa ba ya sauraron uzuri. A injin Kord, wanda ya cika ƙananan maɗaba'u, babbar takarda ɗaya tana ɗaukar shafi takwas na girman waɗannan littattafai a kowace fuska, shafi 16 ke nan gaba da baya. Littafi mai shafi 80 zai ci takarda biyar, da farantin bugu goma, tunda kowace fuska da nata faranti. Kwafi 1,000 takarda 5,000 ke nan, rim goma, tunda 500 ce a rim, ban da waɗanda za su lalace kafin tawada da ruwa su daidaita a injin. Bango daban ne: kati mai kauri, kuma kowane launi da farantinsa, mai cikakken launi huɗu yake ci. Shi ya sa bangon littattafan farko zanen hannu ne da launi ɗaya ko biyu. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 500 za a buga ko 5,000, saboda haka mai ƙaramin jari shi ke sayen kowane kwafi da tsada. Idan labari ya tsaya a shafi 84, shafi huɗun nan sai sun jawo ƙarin faranti da takarda, sai a matse rubutu ko a datse ƙarshe. Wanda ya taɓa mamakin yadda wasu labarai ke ƙarewa a guje kamar ana korar marubucin, ga ɗaya daga cikin dalilai.

Daga nan ne kuma al'adar na ɗaya, na biyu, na uku ta samo tushe. Da ƙarfe biyu ake maƙale littafin a tsakiya, idan ya yi kauri ƙarfen ba ya riƙewa, shafukan ciki su zube. Ƙaramin littafi kuma shi ne daidai kuɗin da yarinya za ta tara ko matar gida za ta rage daga cefane. Sannan cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu. Saboda haka dole a yanke labari a inda ran mai karatu zai tsaya.

Wahalar gaske tana farawa ne bayan an ɗauko ɗaurin littattafai daga maɗaba'a. 'Yan kasuwar littafi na bakin Bata da Sabon Gari ba sa biya hannu da hannu ga sabon suna. A ajiye musu, idan ya shige su cire nasu su ba da saura, kuma a gutsuttsure. Kuɗin da aka zuba a dunƙule sai ya dawo yau kaɗan, wani mako kaɗan, a cinye shi a gida kafin ya kai na sake bugu. Idan littafi ya karɓu, masu haya za su saya ɗaya su ba mutum da yawa karatu a kan 'yan kwabbai, a gida ma kwafi ɗaya ya zaga kishiyoyi da maƙwabta har bango ya cire. Suna ya yi nisa, aljihu ba labari. Bin bashi a kasuwa kuma aikin mai fita ne kullum, abin da ba kowace mace ke da izininsa ba.

Wannan ne ya haifar da ƙungiyoyin marubuta, kuma fitacciyarsu ita ce Raina Kama, sunan da aka ɗauko daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya. Cikin jagororinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa, Balaraba kuwa ita kaɗai ce mace a cikinsu a farko. Amfanin ƙungiyar a aikace yake: a duba wa juna rubutu kafin ya tafi maɗaba'a, a nuna wa sabon shiga inda ba za a cuce shi ba, a jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane littafi, ya zama talla kyauta. Ga mace, samun waɗanda za su tsaya mata gaban mai injin da ɗan kasuwa ya fi kowane yabo amfani.

A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, kuma a nan ne aka ga abin da zaman aure da zawarci suka koya mata. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, 'ya'yansu tara. Ba ya cika cefane, amma yana da na kashe wa Delu, macen bariki, wadda ya aura daga baya. Rigima ta tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da yaran gaba ɗaya. Da sayar da abinci ta riƙe su, har babbar 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Abin da ya bambanta littafin da na soyayyar samari shi ne marubuciyar ta san farashin kowane abu: abin da ake ba mace da safe da abin da tukunya ke buƙata, kuɗin makaranta, kayan ɗakin amarya da ke jiran uwa ko uba ya gudu. Wanda bai taɓa raba kwano ɗaya gida tara ba ba zai rubuta shi haka ba.

Kuma ba addini take ƙara ba, maza take kai wa ƙara gaban addini. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta a cikin idda. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa da tufatarwa kuma a wuyan uba suke. Abin da ake gani a unguwa daban ne: ko a ƙwace yaro da zarar an yaye shi, ko a bar wa uwa su duka ba ko sisi. Alhaji Abdu na biyun ya yi. A ƙarshe gobara ta cinye rumfarsa a kasuwa, Delu ta juya masa baya, sai ga dangi da manya sun taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Ta koma ɗin. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, kuma suna da hujja. Amma a raina shi ne wurin da ya fi gaskiya a littafin: wadda aka zalunta ita ake roƙo ta yi haƙuri, kuma yanzu ita ke ciyar da wanda ya kore ta.

Abdulkareem Mohammed ya mayar da labarin fim a 1998. A 2012 kuma kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, shekara 22 bayan fitowarsa a Kano.

A wannan shekara ta 1990 ɗin dai ta fitar da wani littafin, Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma. Da shi za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, da ƙurar da ya tayar.