Wata uku ina fama da zarnin zomaye: ga inda na kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon riƙon zomo a gida. Yau wata uku ke nan da na fara koya wa zomayena biyu, Auduga da Kwalli, yin fitsari da kashi a wuri guda, kuma ina ganin na tara abin da zan iya faɗa muku. Na fara ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. A ƙaramin ɗakin da ke kusa da baranda nake ajiye su, kuma kafin sati ya cika Hajiyarmu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ko dai ka san yadda za ka yi da warin nan, ko zomayen su koma inda suka fito." Gaskiyarta ce. Ni kaina in na durƙusa zan ba su abinci sai idona ya yi yaji.

Abin da na fara ganewa shi ne kashin ba shi da laifi. Zomo ɗaya yana iya zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a yini, amma busassu ne, in ka murje ɗaya a hannu sai ka ga garin ciyawa kawai, ba ya ɗoyi. Fitsarin ne ke kawo zarni. Idan ya kwanta a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin cuta sukan sarrafa shi ya riƙa fitar da iskar amoniya, ita ce mai yajin nan, kuma zafi yana gaggauta aikin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hancin zomo yana dab da ƙasa. Ni da nake tsaye kaɗan nake shaƙa, su kuwa a ciki suke kwana, ga shi huhunsu ba ya jure irin wannan iska.

A satin farko na sayo bahon roba mai faɗi, na ajiye shi a kusurwar da ta fi mini sauƙin shara. Ko kallonsa ba su yi ba. Kullum da safe sai in tarar da jiƙa a can lungun bayan ƙofa. Kwana huɗu ina mayar da su baho suna fita, sai a rana ta biyar na ɗauke bahon na kai shi lungun da suka zaɓa. Na goge fitsarin da ke ƙasa da takarda, na jefa takardar cikin bahon tare da 'yan ƙwayoyin kashi, sannan na wanke simintin sosai. Washegari Auduga ta shiga da kanta. Zomo da ƙamshi yake gane makewayinsa, kuma tun asalinsa dabba ce mai ware wuri ɗaya don wannan buƙata, aikinmu kawai mu bi inda ya nuna.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ciyawa. Zomo yana son ya riƙa ci yana kashi a lokaci guda. Na ɗaure wani ƙaramin kwando a bango daidai saman bahon, na cika shi da busasshiyar ciyawa, yadda ba za su kai gare ta ba sai sun shiga ciki sun zauna. Ran nan da asuba na leƙa na ga Kwalli zaune cikin baho, kunnuwa a kwance, yana jan zaren ciyawa ɗaya bayan ɗaya yana tauna, ya kai minti ashirin bai motsa ba. Daga ranar ƙwayoyin da nake sharewa a tsakar ɗaki suka ragu ƙwarai.

Shimfiɗar cikin bahon ita ta fi cin mini lokaci, don na gwada abubuwa da yawa. Da yashi na fara, ban yi kwana uku ba na daina: tono suke yi su watsa shi ko'ina, kuma ba ya riƙe wari. Sai na koma dusar katako, wadda na samo a wurin 'yan katako kusan kyauta. Tana shan ruwa sosai, amma mai laushin nan ƙura gare ta, Auduga ta fara atishawa. Ga kuma matsalar da ban iya warwarewa ba: a buhu ɗaya akwai garin itatuwa iri-iri, wasu an shafa musu maganin gara kafin a yanka, zomo kuwa duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya ɗanɗana. Na zubar da ita.

Ɓuntun shinkafa na fi sa wa rai, tunda yana da araha a wurin masu injin casa. Samansa kan zauna a bushe, ƙafafunsu ba sa jiƙa, wannan ya yi mini daɗi. Sai dai ba ya shan fitsari, wucewa yake yi ya taru a gindin baho, in ka ɗaga da yamma zarnin ya buge ka. Tsohuwar jarida kuma akasin haka ce, tana sha amma ta jiƙe shaf ta manne. Da na haɗa su biyun sai kowanne ya rufe aibin ɗan uwansa. Yanzu jarida nake shimfiɗawa ninki shida ko bakwai a ƙasa, in zuba ɓuntu kaurin yatsa biyu a kai, in yafa ciyawa a sama. Wannan shi ne tsarin da na tsaya a kai tun sati na biyar.

Akwai abubuwan da nake roƙonku kada ku gwada. Yashin makewayin kyanwa da ake sayarwa a manyan kantuna, mai dunƙulewa idan ya jiƙa, haɗari ne: zomo ba ya iya amai, in ya haɗiye shi zai iya kumbura ya toshe masa hanji. Toka ma wani dattijo maƙwabcinmu ya ba ni shawarar in zuba, da kyakkyawar niyya, na ce masa "To Baba, na gode," na gwada sau ɗaya. Warin ƙaruwa ya yi, domin toka irin kanwa ce, tana ƙara sakin amoniya daga fitsarin. Turaren wuta kuwa, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a gidajenmu, rufe warin kawai yake yi ga hancinmu, ya ƙara wa zomayen hayaƙi a kan abin da suke shaƙa. Buɗe taga ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wajen wanki, za ku ga wani farin abu kamar alli yana daskarewa a gindin baho. Kalsiyam ne, sinadarin nan da ke gina ƙashi. Jikin zomo yana ɗibar kalsiyam mai yawa daga abinci ya fitar da rarar ta fitsari, shi ya sa fitsarinsa ke da kauri da duhu-duhu. Na kankare da soson ƙarfe har hannuna ya gaji bai fita ba. Ruwan khal, wato farin binega, na haɗa rabi da rabi da ruwa na zuba, nan take ya fara kumfa, bayan minti goma na goge ya fita tas. Kada ku zuba bilic, wato ruwan wanki mai sa tufafi fari, a kan fitsarin da ba a ɗauraye ba, haɗuwarsa da amoniya tana ba da iska mai guba. Kuma na lura da wani abu: makon da na cika ba su harawar wake da ta gyaɗa, allin ya fi yawa, domin harawa ta fi ciyawa kalsiyam. Na mayar da kyasuwa da burburwa su zama babban abincinsu, harawa kuma ɗan kaɗan. Wata rana fitsarin Auduga ya fito jaja-jaja, gabana ya faɗi, amma tana cin abinci tana wasa, bayan kwana biyu ya koma daidai. Launin wasu ganyaye kan jawo haka. In da ta daina ci ko tana yunƙuri fitsari ba ya fita, da ban kwana ba sai a wurin likitan dabbobi.

A sati na tara komai ya so ya rushe. Kwalli ya kai wata biyar, ya balaga, ya fara fesa fitsari a bango yana zubar da kashi a kewayen ɗaki don nuna iyakar gidansa. Wannan ba mantuwa ba ce, kuma duka ko tsawa ba sa gyara ta, tsoronka kawai zai ji. Na raba su da raga tun kafin a samu ciki, kowa da bahonsa. Likitan da na je wurinsa ya ce fiɗiya ce ke rage feshin, kuma ko bayan an yi sai na ci gaba da raba su na wasu makonni, don namiji yana iya yi wa mace ciki a wannan tsakanin.

Yanzu damina ta kankama, jarida ba ta bushewa kamar da, ƙudaje kuma sun yi yawa. Na koma canza shimfiɗa kullum da safe maimakon bayan kwana biyu, kuma kowace yamma nakan ɗaga kowannensu in duba ƙarƙashin wutsiya, domin ƙuda na iya yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin ƙasa da kwana ɗaya. Abin da na kwashe daga baho ina tara shi a rami bayan gida ya ruɓe, na fara zuba wa zogalen Hajiya. Jiya ta shiga ɗakin ɗaukar tsintsiya ta daɗe tana kallon Auduga, ba ta ce komai game da wari ba. Sati mai zuwa za a yi wa Kwalli aikin, in sha Allah zan faɗa muku yadda ya koma da bahonsa bayan ya warke.