Abin da jinin tarwada ya koya mini kafin in bar ɗakin gwaji

Tun da na miƙa makullin ɗakin gwaji, ya dace in bar wa ƙannenmu masu zuwa abin da na koya a binciken illar maganin kashe ciyawa ga ƙwayoyin gadon kifi.

Aikina a kan maganin ciyawa na gilaifoset ne, wanda manoman shinkafa a Kura da Kadawa ke fesawa, wasu ma su wanke famfon feshin a magudanar ruwa. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, ba kamar namu ba, saboda haka idan guba ta karya DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ɓarɓashin yakan fito a matsayin ɗan ɗigo kusa da cibiyar bayan an shafa jinin a kan gilashi an rina shi da rinin Giemsa. Ɗigon nan muke nema cikin ƙwayoyi 1,000 daga kowane kifi, har idanu su yi ta zubar da ruwa.

Ƙididdigata ta yi ta hawa yadda ake tsammani yayin da ƙarfin maganin ke ƙaruwa a tankunan kifin, amma a tankin da maganin ya fi ƙarfi sai ta sauko. Malamin da ke duba aikina ya ce ganda na yi, a gaban ɗalibai ƙanana, ya kuma umarce ni in daidaita alƙaluman. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa guba idan ta yi yawa takan hana sabbin ƙwayoyin jini rabuwa, ɗigon kuwa ba ya samuwa sai ƙwaya ta rabu, don haka saukowar alama ce ta ɓarna mafi muni. Bai saurare ni ba. Na ƙi taɓa ko lamba ɗaya, ya kwashe gilasaina ya ba wani, takarda ta fito da sakamako mai hawa babu tangarɗa, sunana kuma babu shi. Ba zan ce na huce ba. Littafin ƙirgata na asali yana hannuna, kowane shafi da kwanan watansa.

Ku sa wani ya rufe lambar gilashi kafin ku fara ƙirga, don kada zato ya ja idonku. Ku haɗa da gwajin komet, wanda ke nuna karyewar DNA ko ƙwaya ba ta rabu ba. A rubuta jerin sunayen marubuta tun kafin a sayo kifi.

Ku kuma gwada maganin kasuwa kansa, domin sinadarin POEA, mai taimaka wa magani shiga ganye, da ake haɗawa cikin wasu nau'o'in Roundup (sunan kasuwa na wani maganin gilaifoset) ya fi gilaifoset zalla cutar da kifi, kuma wannan haɗin ne ke gangarawa ruwan da masunta ke jefa taru.