Ƙunshin da bai yi kuka ba shi ya ba ni kunya

Ƙunshin manhaja goma sha ɗaya ke hannuna a wani ƙaramin tsarin Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da muke ginawa mu 'yan sa-kai. Wasu suna Jamus, ɗaya yana Indiya, ni kuma ina ɗakina a bayan Ƙofar Ƙaura nan Katsina. Babu mai biyan kowa. Kusan duk abin da muke raba wa mutane da GCC ake harhaɗa shi, wato kompailar da ke juya rubutun yaren C zuwa abin da na'ura ke ganewa. Canza ta kamar canza wa unguwa rijiya ne, babu gidan da ba zai ɗanɗana ba.

A watan Mayun 2024 aka saki GCC 14. Wasu kurakuran da a da take yin gargaɗi a kansu ta wuce, yanzu sai ta tsaya cak. Babba a cikinsu shi ne kiran wani aiki a cikin rubutu ba tare da an gabatar da shi tun farko ba. Ƙa'idar yaren C mai suna C99 ta soke wannan tun 1999, amma GCC ta yi shekara 25 tana kawar da kai, mu kuma muka miƙe ƙafa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don GCC 10 ta taɓa watsa mana gini a 2020. Yadda muke yi shi ne a ware reshe na gwaji, a sake gina komai da sabuwar kompailar, kowa ya kwashi nasa da ya faɗi. Mutanen Fedora, wani babban tsarin Linux, sukan riga kowa, suna sake gina nasu tun watan Janairu kafin ma a saki GCC ɗin a hukumance, saboda haka gyara da yawa a wurinsu da wurin Gentoo, wani tsarin Linux ɗin, muke arowa.

Uku suka faɗi a nawa. Na gyara su cikin mako guda, da dare, ina kallon batirin inbata da ido ɗaya saboda zafin Mayu fanka ba ta hutawa. Yawanci layi ɗaya ne ya ɓace a saman fayil. Sauran takwas suka ginu lafiya lau, na sanar da abokan aiki cewa ɓangarena ya kammala, na kwanta da daɗin rai.

Bayan kwana goma wani tsohon ɗalibina mai shagon kwamfuta, wanda na roƙa ya riƙa gwada mana, ya kira ni. "Malam, wannan abin duba fayil ɗin fa ya daina buɗe waɗanda aka matse." Na ce masa ya sake gwadawa, ƙila fayil ɗinsa ne ya lalace. Ya ce, "Malam, da girmanka, biyar na gwada."

Ƙunshin yana cikin takwas ɗin nan. Kafin a fara gini, akwai rubutun configure da ke tambayar na'ura me da me take da shi. Yakan rubuta ɗan guntun shiri, ya miƙa wa kompaila. In ya ginu, abin yana nan, in bai ginu ba, babu shi. To guntun da ke neman zlib, wato abin da manhajar ke buɗe matsattsun fayiloli da shi, tsoho ne, kuma shi kansa yana ɗauke da wannan kuskuren na kiran aiki ba tare da an gabatar da shi ba. GCC 14 ta ƙi shi, configure ya ɗauka babu zlib, ya cire wannan ɓangare, aka ci gaba da gini ba ko tari. Kore ya nuna mana, alamar an yi nasara, alhali an yanke wa manhajar hannu.

Da muka zauna a kan maganar, ɗaya daga cikinmu ya ce a sa wa kompaila umarnin -fpermissive a ko'ina, kompaila ta koma gargaɗi, kowa ya huta. Ba zan ɓoye ba, a daren nan na so hakan, kuɗin data da rashin barci sun ishe ni. Amma wannan tura wa na baya bashi ne. Muka tsaya a kan cewa sai dai a ƙunshi ɗaya ɗaya, da rubutaccen dalili a gefensa. Muka kuma ƙara sharaɗi: kowa ya adana config.h, fayil ɗin da configure ke rubuta abin da ya gano, na tsohuwar kompaila da na sabuwa, ya gwama su da diff mai nuna bambancin fayiloli kafin ya buɗe baki ya ce ya gama. Da na bi nawa, sai ga na biyu da ya zubar da wani abu a ɓoye.

GCC 15 ta zo a Afrilun 2025, ta mayar da sabuwar ƙa'idar C23 wadda take bi in ba a ce mata komai ba. Yanzu bool, mai nuna gaskiya ko ƙarya, kalma ce ta yaren kansa, tsofaffin rubuce-rubuce da yawa da suka ƙirƙiro tasu sai suka faɗi. Wannan karon waɗanda suka ginu na fara bi. Sai da na gama da su na aika wa mai shagon, na haɗa masa da katin waya.