Ƙungiyar Witch ta Zambiya da faifan da ya ci mini rabin albashi

Duk wanda ya shiga neman tarihin kiɗan rok na Afirka a intanet zai ci karo da sunan Witch, ƙungiyar makaɗan Zambiya, kuma kusan kullum labari ɗaya ake maimaita masa: wasu samari ne daga Kitwe, a yankin da ake haƙar tagulla, suka ɗauki jita a farkon shekarun 1970, suka fitar da faifai biyar masu zafi, daga nan tattalin arziki ya karye, cutar ƙanjamau ta kwashe yawancinsu, aka rufe babi. Babu ƙarya a cikin labarin, amma an yanke masa wutsiya, kuma wannan yankewar ce ta sa na biya kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Na fara ne ta ƙofar da kowa ke shiga, wato Lazy Bones na 1975, wanda shi ne aka fi yaɗawa tun bayan da kamfanin Now-Again na Amurka ya tattara faifan ƙungiyar na zamanin rok ya sake buga su a 2012. Daga nan na koma baya na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, kuma wannan ɓangaren bai ba ni wata wahala ba. Introduction da In the Past faifai ne na yara masu kunne, waɗanda suka ƙoshi da kiɗan Ingila suna neman mayar da shi yadda suka ji shi. Kai, laƙabin jagoransu ma, Emmanuel Chanda da ake kira Jagari, daga sunan Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, aka samo shi. Ɗaukar sautin ba ta da tsabta, wani lokaci ganga na danne murya, amma akwai ƙarfin hali a ciki wanda ba a koya a makaranta. A Lazy Bones ne hannunsu ya faɗa. Waƙar da ta buɗe shi, Black Tears, tana farawa a sanyaye kamar mai jaje, sai can jitar Chris Mbewe ta ɓarke da wani gurnani mai kaushi wanda ke sa mai sauraro ya miƙa hannu ya rage ƙarar lasifika, sa'annan ya fasa.

Ni dai a ganina ba nan ne ƙololuwarsu ba, ko da masu sharhi sun haɗa baki a kan haka. Lukombo Vibes na 1976 ya fi shi, domin a nan ne suka daina tambayar yadda Landan za ta ji su. Kiɗan gangar ya sauya taku, amshi ya shigo irin na gida, harsunan ƙasar suka fara samun wuri a gefen Turanci, kamar yadda ake ji a Nasauka da Chifundo. Wannan sauyi ba daga sama ya faɗo ba. Gwamnatin Kenneth Kaunda, shugaban ƙasar na lokacin, ta ba da umarnin cewa kashi 95 cikin ɗari na kiɗan da ake sawa a rediyo ya zama na Zambiya, abin da ya buɗe wa makaɗan gida kasuwa, ya kuma tilasta musu tunanin abin da ya sa kiɗansu ya zama nasu. Sun kuma ga Osibisa, ƙungiyar da 'yan Ghana suka kafa a Landan, ta zo ƙasarsu ta nuna cewa ana iya ɗora jitar lantarki a kan gangar Afirka ba tare da ɗaya ta ci ɗaya ba. Faifai na biyar, na 1977, wanda waƙar Janet ke ciki, ya ci gaba a kan wannan turba, ya ma fi laushi.

A daidai nan ne yawancin masu rubutu ke ajiye alƙalami. Ni kuwa da na ga jerin faifan ƙungiyar bai ƙare a 1977 ba, akwai Movin' On na 1980 da Kuomboka na 1984, sai na ɗauka na gano taskar da kowa ya tsallake. Hankalina ya ba ni cewa mutanen da suka yi Lukombo Vibes, in aka ƙara musu shekara huɗu na gogewa, abin da za su fitar sai wanda ya ji. Ina da wata al'ada da nake riƙe da ita, cewa faifan da nake ɗoki ba na fara jin sa a waya, sai na riƙe shi a hannu na ɗora masa allura. Ana cikin haka na ga wani dillali a Turai ya sa tsohon bugu na Movin' On a kasuwa, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa rok ne na Zambiya mai nauyi daga hannun waɗanda suka yi Lazy Bones. Da aka juya farashin zuwa naira, aka ɗora kuɗin aikowa da na kwastan, abin ya tasam ma rabin albashina na wata. Na yi cinikin biri a sama, na biya.

Ranar da ya iso na kai shi shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da garmaho, wanda shi ne ya tayar mini da tsohuwar na'urar da nake amfani da ita, domin lasifikarsa ta fi tawa. Ya zaro faifan daga kwali da tafin hannu biyu ba tare da ya taɓa fuskarsa ba, ya karkata shi ga hasken ƙofa yana duba ƙarzuna, ya goge shi da wani ƙyalle mai laushi da yake ajiyewa cikin gwangwanin madara, sannan ya saukar da allura. Abin da ya fito daga lasifikar ganga ce mai bugu ɗaya a miƙe, da jita mai kaurin murya tana tsalle a ƙarƙashinta, da piyanon lantarki mai sheƙi, sai ga muryar mace ta shigo. Babu Jagari, babu gurnanin nan. Disko ne tsantsa. Dattijon ya saurara na ɗan lokaci yana kaɗa kai, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ɗana, wannan ne kiɗan da ka ce zai tsaga mini lasifika? Ai irinsa muke rawa da shi a Sabon Gari kafin a haife ka.” Ban iya ce masa komai ba sai “Haka ne, Baba.”

Na rubuta wa dillalin, ya amsa da cewa sunan ƙungiyar da ke jikin kwalin daidai yake da abin da ya tallata, don haka babu zancen mayar da kuɗi. A shari'ance wataƙila yana da gaskiya. Amma mutumin da ke sayar da faifai ya san bambancin rok da disko, kuma ya san dalilin da ya sa ya ambaci Lazy Bones a tallarsa. Haushin da nake ji bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya haɗa da duk masu ba da labarin ƙungiyar su tsaya a faifai na biyar kamar sauran biyun abin kunya ne da ake ɓoyewa. Da layi ɗaya suka ƙara, cewa Jagari ya bar ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1970 ya koma karatu da koyarwa, waɗanda suka rage kuma suka ɗauko sababbin mawaƙa da mai piyano Patrick Mwondela suka sauya salo, da na san abin da nake saye, da kuma na saye shi a sabon bugu mai rahusa.

Faifan ya daɗe a jingine bayan sauran ban sake taɓa shi ba. Abin da ya dawo da ni gare shi ba son sa ba ne, ƙyashin kuɗin ne: na ce tunda an riga an biya, dole kwalliya ta biya ko da rabin kuɗin sabulu. Sai na sa shi ba tare da jiran jita ba, na bi gangar da jitar nan mai kauri kawai, kuma a nan ne abin ya fara ba ni mamaki. Makaɗan ba su lalace ba, sun ma fi tsari fiye da kowane lokaci a baya. Inda a da kowa ke ƙoƙarin fin ɗan'uwansa ƙara, a nan kowa ya san gurbinsa, kuma ɗaukar sautin ta fi ta dukan faifai biyar na farko tsabta nesa ba kusa ba. Akwai wuraren da, in aka kasa kunne sosai, ake jin takun nan na Lukombo Vibes yana motsi a ƙarƙashin kwalliyar diskon.

Da na koma kan tarihin ƙasar kuma sai sauyin ya daina zama cin amana a idona. Zambiya ta dogara ne kacokan a kan tagulla, kuma farashinta ya faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1970, a daidai lokacin da man fetur ya yi tsada. Ma'aikatan ma'adinai da ke cika wuraren rawa a ƙarshen wata aljihunsu ya bushe. Ga yaƙin Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) a maƙwabta, wanda ya jawo hare-hare cikin ƙasar da dokar hana fitar dare, alhali makaɗi da dare yake ci. Ga kuma disko ya mamaye duniya, mai gidan rawa ya gane cewa mutum ɗaya da tarin faifai ya fi makaɗa shida araha. Ƙungiyar da ta ga haka ta ce za ta kaɗa diskon da hannunta, da ganga ta gaske, ba ta yi abin zargi ba. Haka abin ya faru a Legas ma, inda ƙungiyoyin rok na farkon shekarun 1970 irin su BLO suka karkata zuwa kiɗan rawa kafin ƙarshen shekarun. Kuomboka na 1984, wanda daga baya na nema a sabon bugu (na kuma saurare shi tsaf a waya kafin in fitar da ko sisi), ya ɗauki sunansa ne daga bikin al'ummar Lozi, lokacin da sarkinsu ke ƙaura cikin kwale-kwale zuwa tudu in kogin Zambezi ya yi ambaliya. Mutanen da suka sa wa faifan disko wannan suna ba su manta inda suka fito ba.

Ba zan ce na fi son waɗannan biyun a kan na farkon ba, domin ba haka ba ne. Wasu waƙoƙin soyayyar da ke ciki sun yi zaƙi fiye da kima, kalmominsu kuma na kowa da kowa ne, kuma har gobe in aka ce in ɗauki ɗaya tak, Lukombo Vibes zan ɗauka. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake raina ƙungiyar sau biyu. Duniya ta fara raina ta gaba ɗaya har tsawon kusan shekara talatin, lokacin da Jagari, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin 'yan asalin ƙungiyar, yake haƙar duwatsu masu daraja a daji don ya ciyar da iyalinsa. Da aka tashi tunawa da ita kuma, sai masu tara faifai na Turai da Amurka suka zaɓi ɓangaren da ya yi kama da abin da suka riga suka sani, wato jita mai gurnani, suka fi ɗaukaka shi, har wanda ya shigo daga baya irina ya zaci iyakar abin ke nan. Haka ake yi wa sauran takwarorinsu na wancan zamani, Amanaz da Ngozi Family da Musi-O-Tunya, ana ciro waƙa ɗaya ko biyu mafi kaushi a sa cikin tarin zaɓaɓɓu, a bar sauran.

Ga wanda zai bi sawu, shawarata ita ce ya fara daga Introduction ya gangaro a jere, kada ya fara da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi, domin a jeren ne ake jin yadda yara masu kwaikwayo suka zama masu muryar kansu. In ya iso 1977, ya sani cewa abin da ke gaba wata ƙungiya ce a ƙarƙashin tsohon suna, ya shirya kunnensa. Kuma in wani dillali ya ambaci sunan wani faifai don ya sayar da wani daban, a tambaye shi waye ke rera waƙa a ciki, da shekarar da aka buga shi, a sa ya rubuta amsar kafin kuɗi su bar hannu. Tsohon bugu ba lallai ne ya fi sabo daɗin ji ba. Nawa yana da wata ƙarzuwa a gefe na biyu wadda ita ma ba a ambata a talla ba.

Ƙungiyar ta sake haɗuwa bayan farfaɗowar sunanta, an yi fim a kan tarihinta a 2019, kuma a 2023 ta fitar da sabon faifai mai suna Zango, wanda aka ɗauka a Lusaka tare da wasu makaɗa 'yan Turai irin su Jacco Gardner na ƙasar Holan, da mawaƙiyar Zambiya Sampa the Great a waƙa ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne Jagari da Patrick Mwondela ne ke jagorantarsa tare, mutumin zamanin rok da mutumin zamanin disko, kuma ana jin hannun kowannensu a kiɗan. Su da kansu ba su raba tarihin gida biyu ba. Shi wannan na saye shi sabo fil, a kan ƙasa da sulusin abin da Movin' On ya ci mini, kuma dattijon mai gyaran garmaho ya riƙe shi a shagonsa ya ce sai ya gama ji zai ba ni.